Cyprian na Kartaj: Bishop ɗin da Ya Tara Kuɗin Fansar Mutanen da Bai Taɓa Gani Ba

A wajajen shekara ta 253 Miladiyya, wata wasiƙa ta iso birnin Kartaj, wanda kufansa yake gefen birnin Tunis na ƙasar Tunisiya a yau. Shugabannin Kirista takwas ne suka rubuto ta daga Numidiya, yankin da yanzu yake gabashin Aljeriya. Labarin da ke cikinta ba zai ba mutumin Jibiya ko Batsari mamaki ba. Mahara sun afka wa garuruwansu, sun tasa ƙeyar maza da mata, kuma ba za su sake su ba sai an biya.

Wanda aka aika wa wasiƙar shi ne Cyprian, bishop na Kartaj. Ita wasiƙar ta ɓace, amma amsar da ya ba su tana nan har yau, ita ce ta 62 a jerin wasiƙunsa. Ya sanar da jama'arsa, aka yi karo-karo, aka haɗa kuɗin Rumawa da ake kira sestertius har guda 100,000, ya aika musu. Ya kuma haɗa da sunayen duk waɗanda suka ba da gudummawa.

Wannan wasiƙa ce ta sa na ga ya dace mu waiwayi rayuwar mutumin nan, mu da muke zaune a bakin iyaka, inda maganar kuɗin fansa ta shiga gidaje da yawa. Ya rayu ƙarni uku da rabi kafin bayyanar Musulunci, a wata duniya da ta bambanta da tamu ƙwarai. Amma tambayoyin da ya fuskanta cikin shekara goma kacal na shugabancinsa su ne muke fama da su: wa zai ɗauki nauyin wanda aka sace, yaya za a karɓi wanda tsoro ya sa ya yi abin kunya, kuma yaushe ya halatta shugaba ya gudu.

Attajirin da ya sayar da lambunansa

Sunan Cyprian ba baƙo ba ne a Nijeriya. Wanda ya karanta The Passport of Mallam Ilia a makaranta ya san Cyprian Ekwensi, marubucin da aka haifa a Minna a 1921. Akwai kuma Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda Fafaroma John Paul na biyu ya ɗaukaka matsayinsa a kusa da Onitsha a 1998. Asalin shaharar sunan a tsakanin Kiristoci daga wannan ɗan Afirka ta Arewa ta samo.

An haife shi a farkon ƙarni na uku, cikin gidan wadata, iyayensa masu bautar gumakan Rumawa. Kartaj a lokacin tana cikin manyan biranen daular Rum, kuma daga tasharta ake loda alkama da man zaitun zuwa birnin Rum. Cyprian ya yi fice a fasahar magana, wato ilmin da ake bukata don tsayawa gaban kotu ko majalisa. Yana da suna, yana da dukiya, yana da lambuna.

A wajajen 246, bayan ya manyanta, ya karɓi Kiristanci ta hannun wani dattijon coci mai suna Caecilianus. Pontius, wanda ya yi masa hidima kuma daga baya ya rubuta tarihinsa, ya ce ya sayar da kadarorinsa ya raba kuɗin ga matalauta. Ya duƙufa kan karatun Littafi Mai Tsarki da rubuce-rubucen Tertullian, wani malamin Kartaj da ya gabace shi. Bai cika shekara uku da baftisma ba bishop na birnin ya rasu, talakawan coci suka nace sai shi. Dattawa biyar suka ƙi, suna ganin jiya-jiya ya shigo. Aka naɗa shi a 248 ko 249, amma wannan ƙiyayya ta bi shi shekaru.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da bishop yake nufi a wancan zamani. Hukuma ba ta amince da addinin ba. Babu albashi daga gwamnati, babu ɗan sanda a ƙofa. Bishop shi ne mai jagorantar ibada, shi ne mai raba gardama tsakanin mabiya, kuma shi ne ma'ajin talakawa. A birnin Rum, a shekara ta 251, cocin garin tana ciyar da zawarawa da mabukata fiye da 1,500. Wanda ya riƙe wannan muƙami ya riƙe abincin mutane da yawa, kuma idan fitina ta tashi shi ake fara nema.

Takardar shaida ta Sarki Decius

Fitinar ba ta jima ba. A ƙarshen 249 Decius ya hau gadon sarautar Rum, daular tana fama da yaƙe-yaƙe a iyakokinta. Ya ba da umarni kowa ya yi hadaya ga gumaka don neman zaman lafiyar ƙasa. Abin da ya bambanta wannan umarni da na baya shi ne tsarinsa. An kafa kwamiti a kowane gari. Mutum zai zo ya zuba giya, ya ɗanɗani naman hadaya a gabansu, su sa hannu a wata 'yar takarda su ba shi. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a cikin yashin Masar, da sunan mai ita, da ranar da aka bayar, da sa hannun shaidu. Wato dai tantancewa ce ta ƙasa baki ɗaya, wanda ba shi da takarda ya tona wa kansa asiri.

A watan Janairu na 250 Fabian, bishop na Rum, ya mutu a hannun hukuma. A Kartaj, 'yan kallo a filin wasa suka riƙa ihu a jefa wa zaki Cyprian. Shi kuwa sai ya bar gari ya ɓoye, hukuma ta ba da sanarwar ƙwace dukiyarsa.

Wannan gudu ya jawo masa surutu. Limaman cocin Rum, waɗanda nasu shugaban ya riga ya mutu, sun rubuto wasiƙa mai habaici a kan bambancin makiyayi na gaskiya da ɗan ƙodago wanda ke watsar da tumaki in ya hango kyarkeci. Cyprian ya kare kansa da cewa zamansa a gari zai ƙara hura wutar a kan jama'a, tunda shi sananne ne. Ya kafa hujja da aikin da ya yi daga maɓoyarsa: wasiƙu da yake aikawa ta hannun amintattu, kuɗin da yake turawa don zawarawa da marasa lafiya da baƙi, da umarnin a rubuta ranar da kowane fursuna ya mutu don kada a manta da shi. Ya tattara kwafin wasiƙunsa goma sha uku ya aika Rum don su karanta da idonsu. Ya shafe fiye da shekara guda a ɓoye, bai dawo ba sai bayan bikin Ista na 251.

Waɗanda suka faɗi

Abin da ya tarar ya fi zaluncin Decius wuyar sha'ani. Mutane da yawa sun yi hadayar. Shi da kansa ya rubuta cewa wasu ba su jira an kira su ba, da ƙafarsu suka garzaya dandali. Wasu sun jure azaba kafin su karaya. Wasu kuma sun bi ta bayan fage, sun ba jami'ai cin hanci an rubuta musu takarda ba tare da sun yi hadaya ba. Da ƙura ta lafa, duk suka dawo suna neman a karɓe su.

Coci ta rabu biyu. Wani ɓangare, ƙarƙashin Felicissimus da dattawan nan da suka ƙi naɗin Cyprian, suka ce a buɗe ƙofa kowa ya shigo ba tare da wani sharaɗi ba. A Rum kuma Novatian ya ce wanda ya yi ridda ba shi da sauran wuri, ko da yana kan gadon mutuwa.

Akwai wata matsala a tsakiya. Waɗanda suka sha ɗauri saboda addini suna da girma a idon jama'a, kuma al'ada ta ba su damar yin ceto ga wanda ya faɗi ta hanyar rubuta masa takardar sulhu. Sai abin ya zama kasuwa. Ana rubuta cewa a karɓi wane tare da mutanensa, ba a faɗi ko su wane ne mutanen ba. Cyprian ya koka cewa da irin wannan takarda mutum zai iya jawo ashirin ko talatin ya ce duk nasa ne. Wani mai suna Lucianus ma ya rubuta takarda ɗaya da sunan dukan fursunoni yana yafe wa kowa da kowa. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo: izinin da ba a ɗaure shi da sunan mutum ɗaya ba, ƙofa ce da aka bari a buɗe. Cyprian ya nemi a riƙa rubuta sunan mutum, wanda mai ceton ya sani ya kuma ga alamar nadamarsa.

A taron bishop-bishop na 251 a Kartaj aka tsayar da matsaya. Za a duba kowane mutum shi kaɗai. Wanda ya sayi takarda laifinsa bai kai na wanda ya yi hadaya ba. Wanda aka azabtar kafin ya karaya ba ɗaya yake da wanda ya tafi da kansa ba. Masu babban laifi za su daɗe cikin tuba, amma ba za a bar kowa ya mutu a waje ba. Ba a jima ba, da aka ga alamar wata fitinar na tafe, wani taron ya sassauta, aka karɓi duk waɗanda suka dage a kan tubarsu. Hujjar ita ce ba a tura mutum fagen fama bayan an hana shi abin da zai ƙarfafa shi.

Annoba

Ana cikin haka annoba ta shigo. Ta ratsa daular Rum fiye da shekara goma, ta iso Kartaj a wajajen 252. Cyprian ya bayyana alamominta a wani ɗan littafi da ya rubuta a kan mutuwa: gudawa mai ƙarar da ƙarfi, miki a maƙogwaro, amai ba ƙaƙƙautawa, idanu su yi jajir, ƙafafu su ruɓe har a yanke, wasu su kurumce ko su makance. Saboda wannan bayani nasa ne masana tarihi suke kiran ta Annobar Cyprian.

Pontius ya ce mutane sun riƙa jefar da 'yan'uwansu a titi tun da sauran numfashi, gawarwaki suka cika gari. Masu bautar gumaka suka ɗora laifin a kan Kiristoci, wai ƙin yin hadayarsu ne ya fusata alloli. Cyprian ya rubuta martani ga wani mai suna Demetrianus a kan wannan zargi. Amma babban martaninsa a aikace ya yi shi. Ya tara mabiyansa ya ce musu babu abin yabo idan mutum ya yi jinyar nasa kawai, domin kowa na yin haka. Ya umarce su su kula da marasa lafiyan birnin duka, har da waɗanda shekara biyu da suka wuce suke ihu a jefa su ga zaki. Aka raba aiki. Mai kuɗi ya ba da kuɗi, wanda ba shi da shi ya ba da ƙarfinsa wajen jinya da binne gawa. A wannan karon bai bar gari ba.

Sestertius 100,000

Jama'ar da ta fito daga ƙwace da ɗauri, ta shiga annoba, ita ce aka kawo wa kukan Numidiya. A shekarun 250 ƙabilun da ke zaune a duwatsu da bakin iyakar daular a Afirka ta Arewa sun yi ta tayar da ƙayar baya, rundunar Rum kuma ta kasa tsare garuruwan karkara. Mutanen da aka sace ba 'yan Kartaj ba ne. Garuruwansu tafiyar kwanaki ce daga birnin.

Amsar Cyprian gajera ce, amma akwai abubuwa huɗu a cikinta. Na farko, ya ce kamun ɗan'uwa kamun kowa ne, ya nemi kowane uba ya ɗauka ɗansa ne a can, kowane miji ya ɗauka matarsa ce. Ya nuna damuwa ta musamman a kan 'yan matan da ke hannun maharan da abin da ake tsoron zai same su. Na biyu, ya gode wa bishop-bishop ɗin saboda sun sanar da shi, kamar su ne suka yi masa alheri da suka ba shi damar taimakawa. Da wannan ya ɗauke musu kunyar roƙo. Na uku, ya faɗi adadin kuɗin a fili, ya jera sunayen masu bayarwa, ya ware abin da wasu bishop-bishop da ke ziyara a Kartaj suka ƙara, ya bar wa mutanen Numidiya su kashe shi yadda suka ga ya dace. Na huɗu, ya ce yana addu'a kada hakan ta sake faruwa, amma in ta faru kada su yi jinkirin rubutowa.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. A farkon ƙarni na biyu, a wani garin Italiya, wanda ya mallaki dukiyar sestertius 100,000 ya isa ya zauna a majalisar gari. Darajar kuɗin ta ragu kafin zamanin Cyprian, duk da haka arzikin babban mutum ne sukutum aka tara aka aika wa baƙi.

Waɗanda suka biyo bayansa sun bi wannan sawu. Bayan yaƙin Adrianople na 378, Ambrose, bishop na Milan, ya farfasa kwanonin zinariya na coci ya fanshi fursunoni, ya sha suka a kai. A zamanin Augustine, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, mabiyansa sun kuɓutar da mutane kusan 120 daga hannun fataken bayi da ke shirin loda su a jirgin ruwa.

Taurin kai da ƙarshen rayuwa

Cyprian ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Bai rabu da halin manyan Rumawa ba, yana son a bi umarni, kuma alƙalaminsa na da kaifi a kan abokan hamayya. Littafinsa a kan haɗin kan coci ya tsananta ƙwarai ga duk wanda ya ɓalle. A 255 da 256 ya yi doguwar jayayya da Stephen, bishop na Rum, a kan ko za a sake yi wa wanda ya fito daga ƙungiyar 'yan ɓaraka baftisma. Cyprian ya ce a sake, Stephen ya ce a'a, har ya yi barazanar yanke hulɗa. Ran 1 ga Satumba, 256, aka yi taro a Kartaj inda aka rubuta ra'ayin bishop 87, duk suka goyi bayan Cyprian. Abin lura shi ne ya buɗe taron da cewa kowa ya faɗi ra'ayinsa, ba za a kori kowa don ya saɓa ba. Daga baya cocin Yamma ta bi ra'ayin Stephen, kuma 'yan ɗariƙar Donatus, waɗanda suka raba Kiristocin Afirka ta Arewa fiye da ƙarni guda, sun riƙa kafa hujja da maganganun Cyprian.

A 257 Sarki Valerian ya sabunta fitina, a wannan karon shugabanni ya nufa. Ran 30 ga Agusta aka gurfanar da Cyprian gaban gwamna Aspasius Paternus. Ya amsa cewa shi Kirista ne kuma bishop. Aka nemi ya ba da sunayen dattawan cocinsa, ya ƙi, ya tuna wa gwamnan cewa dokar Rum kanta ta hana tsegumi. Aka kore shi zuwa Curubis, garin Korba na yanzu a gaɓar tekun Tunisiya. Daga can ma bai daina aika kuɗi da wasiƙun ƙarfafa zuciya ga waɗanda aka tura aikin bauta a ramukan haƙar ma'adinai na Numidiya ba.

Bayan shekara guda aka dawo da shi Kartaj, ya zauna a lambunansa, waɗanda suka komo hannunsa bayan ya sayar. Labari ya zo cewa an kashe Sixtus, bishop na Rum, ran 6 ga Agusta, 258. Manyan abokansa suka ba shi wurin ɓuya, ya ƙi. Da ya ji za a kai shi Utica a yi masa shari'a, ya kauce na 'yan kwanaki, ya rubuta wa jama'arsa cewa bishop ya kamata ya ba da shaida a garinsa, a gaban mutanensa. Da gwamna ya dawo Kartaj, shi ma ya koma gida ya jira.

Ran 13 ga Satumba aka kama shi. Washegari gwamna Galerius Maximus ya umarce shi ya yi hadaya, ya ƙi. Aka ce ya sake tunani, ya ce a abu mai gaskiya irin wannan babu abin sake tunani. Aka karanta hukuncin kisa da takobi, ya yi godiya ga Allah. A filin kisa ya tuɓe mayafinsa, ya durƙusa ya yi addu'a, ya ce a ba haunin zinariya 25, ya ɗaure idanunsa da hannunsa. Da dare mabiyansa suka ɗauki gawar da fitilu suka binne. Cocin Katolika na tunawa da shi kowace ran 16 ga Satumba.

Mutumin da aka zarga da tsoro a 250 shi ne ya ƙi gudu a 258. Da aka haɗa biyun, sai a ga ma'auni ɗaya ya yi amfani da shi: me zai fi amfanar mutanen da ke ƙarƙashinsa. Lokacin da coci take sabuwar shiga rikici, ba ta da tsari, rayuwarsa ta fi amfani. Lokacin da ya gama gina tsarin, ya kuma shafe shekaru yana gaya wa mutane su jure, gudunsa zai rushe abin da ya faɗa.

Daga Kartaj zuwa Magama

Hanyar da ta ratsa Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, in aka miƙe ta arewa, ita ce ke kaiwa Agadas, inda ayarin fatake suka riƙa ƙetare Sahara zuwa gaɓar Bahar Rum. Ta irin waɗannan hanyoyi aka yi ta kai mutanen ƙasar nan bauta. Malamanmu ba su yi shiru a kai ba. A 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'raj al-Su'ud, inda ya ambaci Katsina da Kano da Gobir da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. A cikin Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an jera yadda za a fanshi Musulmin da abokan gaba suka kama: a fara da baitulmali, in bai isa ba a koma dukiyar Musulmi, sannan a ƙarshe dukiyar shi wanda aka kama. Wannan jeri ya yi daidai da abin da Cyprian ya aikata. Addinan biyu sun ɗauki kamammen mutum a matsayin bashi a wuyan al'umma.

Mu kuwa a yau jerin ya juye. Iyalin wanda aka sace su ne na farko, galibi kuma su ne na ƙarshe. A sayar da hatsin shekara, a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, a bi dangi a waya. Idan Allah ya sa mutum ya dawo, sai ya tarar da gida babu komai sai bashi. Satar ɗaliban Kankara fiye da 300 a Disamban 2020 ta ja hankalin duniya, amma manomi ɗaya da aka ɗauke a gonarsa ba ya shiga labarai. Dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019 don neman mafaka. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya, mutane suka koma aika saƙo da ƙafa kamar zamanin Cyprian.

Akwai gaskiyar da ba za a kauce mata ba. Kuɗin fansar jiya shi ke sayen harsashin gobe. Wannan ne dalilin da Majalisar Dattawa ta kafa a Afrilun 2022 lokacin da ta amince da ƙudirin ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya fansa. Wasiƙar Cyprian ba ta warware wannan ƙulli ba. Ba shi da soja, ba shi da iko da iyaka, ya yi abin da ke hannunsa ne bayan masu alhakin tsaro sun gaza. Hana sata aikin hukuma ne, a Numidiya ko a Jibiya, kuma dokar da za ta ɗaure uba don ya ceci 'yarsa, alhali ba a tsare masa ƙauye ba, ta fara ne daga inda ya kamata ta ƙare.

Amma tsakanin biyan fansa da naɗe hannu akwai aiki mai yawa da babu dokar da ta hana. Akwai jinyar wanda ya dawo da rauni. Akwai irin shuka da taki ga wanda ya sayar da rumbunsa. Akwai kuɗin makarantar yaran wanda bai dawo ba. Masallatan Juma'a, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi, da coci-coci suna iya kafa asusu don wannan, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa jama'a. Rashin amana ne ke kashe irin waɗannan asusu, kuma maganinsa shi ne abin da Cyprian ya yi: adadi a fili, sunaye a rubuce. A 2023 aka kafa dayosis na Katolika a Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko. Mabiyansa da maƙwabtansu Musulmi daji ɗaya ake kai su, kuɗi iri ɗaya ake nema a hannunsu. Wanda ya umarci mabiyansa su yi jinyar masu bautar gumaka ba zai tambayi addinin wanda aka sace ba kafin ya taimaka.

Sai batun waɗanda suka faɗi. A ƙauyukanmu akwai wanda aka tilasta wa noma gonar 'yan bindiga, akwai mai unguwar da ya tara musu haraji don kada a ƙone gari, akwai matar da ta dawo da ciki. Akwai kuma wanda ya sayar da maƙwabcinsa don kuɗi, da wanda ya ɗauki bindiga ya yi kisa. Zuba su a kwando ɗaya zalunci ne, ko da sunan afuwa ko da sunan hukunci. Sulhun da gwamnatin Katsina ta yi da 'yan bindiga a 2019 bai kai shekara ba ya wargaje. Laifin mutanen Kartaj tsakaninsu da Ubangijinsu ne, ba su zubar da jinin kowa ba, don haka mai kisa yana da hakkin mutane a kansa wanda su ba su da shi. Duk da haka ƙa'idar taron 251 tana da amfani a nan: a duba mutum ɗaya-ɗaya, da sunansa, da abin da ya aikata, da irin matsin da ya sha, kada takarda ɗaya ta wanke wane da mutanensa. Wanda kuma aka zalunta, kamar matar nan, ba ta da abin tuba. Karɓa kawai take bukata.

Jerin sunayen da Cyprian ya haɗa da wasiƙarsa ya ɓace a hannun masu kwafe littattafai. Abin da ya rage shi ne adadin kuɗin, da sunayen bishop takwas da suka yi ƙarfin halin roƙo, da alkawarin da ya rufe wasiƙar da shi, cewa in mahara suka dawo, su sake rubutowa, Kartaj za ta sake tarawa.